Ya tafi yaƙin Biyafara bai dawo ba: yadda ake bin sawun sojan da ba a san kabarinsa ba

Gidaje da yawa a Arewa suna da irin wannan mutum guda: kaka, ko baffa, ko kawu, wanda ya sa kaki tsakanin 1967 da 1970, aka loda shi a jirgin ƙasa aka yi Kudu da shi, daga nan labari ya yanke. Wasu iyalan an aiko musu da gajeren saƙo cewa ya rasu a fagen daga. Wasu abokin tafiyarsa ne ya dawo da agogo ko hula, ya durƙusa a zaure ya ce sai haƙuri. Wasu kuwa ko wannan ba su samu ba, uwa ta tsufa ta koma ga Allah tana sauraron sallamarsa. Yanzu jikoki sun girma, kuma tambayoyinsu uku ne: yaushe ya rasu, a ina, kuma ina aka binne shi?

Ta ukun ce ke cin rai, shi ya sa mutane ke farawa da ita, su ƙare da gajiya. Ita ya kamata a ajiye ƙarshe. Mai neman sojan yaƙin basasa yana bin igiya ce mai ƙulli huɗu: sunan da ya bayar a wurin ɗauka, lambarsa ta soja, bataliyar da aka tura shi, da lokacin da aka daina jin ɗuriyarsa. Idan waɗannan suka haɗu, su da kansu za su nuna gari, wani lokaci har gefen hanyar da abin ya faru.

Sai an fahimci yadda rundunar take a lokacin kafin a gane dalilin da ya sa takardu suka yi ƙaranci. Sa'ad da aka yi harbin farko a Gakem, kusa da Ogoja, ranar 6 ga Yulin 1967, sojojin ƙasa na Najeriya ba su wuce kimanin 10,000 ba. Zuwa 15 ga Janairun 1970, ranar da Philip Effiong ya miƙa wuya a madadin Biyafara a barikin Dodan da ke Legas, sun kai wajen 250,000. Gwamnatin Gowon ta fara da ɗaukar abin a matsayin ɗan aikin kwantar da tarzoma na makonni, sai ya zama yaƙin wata talatin. Aka kira 'yan mazan jiya da suka yi yaƙin Bama a lokacin yaƙin duniya na biyu, aka ɗebi manoma, 'yan dako, 'yan doka da 'yan makaranta, aka taƙaita horon kurata, aka tura su. Rundunar da ta ninka haka cikin shekara biyu da rabi ba ta da akawun da za su bi kowane kurtu da alƙalami. Wani an ɗauke shi a Daffo ta Zariya da cikakken rajista, wani kuwa a hanya wata runduna ta ɗauke shi don cike gurbin waɗanda suka faɗi jiya.

Saboda haka bincike daga gida yake farawa, daga ɗakin tsohuwa. A nemi izini a buɗe akwatin ƙarfen nan da ke ƙarƙashin gado, a zazzage shi a kan tabarma, kada a raina komai. Hoton da ya ɗauka da kaki a juya bayansa: masu hoto na lokacin kan buga hatimin shagonsu, kuma hatimin da ke ɗauke da sunan Makurɗi ko Benin ko Kalaba ya riga ya faɗi ɓangaren da mutum ya bi. Ambulan ɗin wasiƙa ya fi wasiƙar kanta amfani, domin soja kan rubuta lambarsa, muƙaminsa da bataliyarsa a matsayin adireshi. Takardar aiko da kuɗi ta gidan waya, katin asibitin bariki na matarsa, ko takardar da aka karɓi haƙƙinsa da ita, kowanne na iya ɗauke da lambar. Lambobin ƙananan sojoji na wancan zamani suna farawa da 63NA, na hafsoshi kuma da harafin N. Wanda ya ga irin wannan rubutu a gefen wata tsohuwar takarda ya samu rabin abin da yake nema.

Dalilin da ya sa lamba ta fi suna shi ne, sunan soja sau da yawa ba shi ne sunan gida ba. Tun zamanin Turawa al'adar bariki ce a haɗa sunan mutum da na gari, a ce Audu Kano ko Garba Sakkwato, ko da a wani ƙauye mai nisa aka haife shi. Yaron da ya gudu ya shiga soja ba da yardar mahaifinsa ba kan ɓoye sunan uban. Waɗanda suka ƙetaro daga Nijar ko Chadi kan ari sunan wani garin Najeriya. Ga kuma hannun akawu: Muhammadu ɗaya zai iya fitowa Mamman a wannan takarda, Momoh a waccan. Don haka a tambayi tsofaffi dukan sunayen da aka san shi da su, har da laƙabin samartaka, a rubuta su duka.

Tsofaffi ba sa riƙe kwanan watan Bature, amma suna riƙe da abin da ya fi shi tabbas. Kada a ce wa tsohuwa "a wace shekara ce?" A ce mata: Iya, da labarin ya zo, an yi Sallah ko ba a yi ba? Damina ce ko rani? Wa kike goyo? Waɗannan amsoshi suna juyuwa su zama kwanan wata. Ƙaramar Sallar farko a cikin yaƙin ta faɗo a farkon Janairun 1968, daidai lokacin da gwamnati ta canza takardun kuɗi, abin da mutane da yawa ke tunawa. Babbar Sallar da ta biyo ta zo wajen 10 ga Maris na 1968, ta shekara mai zuwa kuma a ƙarshen Fabrairun 1969. Azumin 1968 da na 1969 duk sun kama ne a watan Nuwamba. Idan tsohuwa ta ce wasiƙarsa ta ƙarshe ta iso ana soyen naman layya a shekarar farko, daga nan shiru, to mai bincike ya san ya dubi ƙarshen Maris na 1968, ya tambayi abin da ya faru da rundunar mutuminsa a makonnin nan.

A nan ne sanin fasalin yaƙin ke aiki. Sojojin tarayya sun shiga ta fuska uku. Runduna ta Ɗaya, ƙarƙashin Mamman Shuwa, ta sauko daga arewa: Ogoja da Nsukka a Yulin 1967, Inugu a ranar 4 ga Oktoba, sannan Abakaliki, Afikpo da Okigwe a 1968, sai Uzuakoli da Umuahia a Afrilun 1969. A Uzuakoli ne aka harbi Ibrahim Babangida yana jagorantar bataliya. Runduna ta Biyu, wadda Murtala Muhammed ya haɗa cikin gaggawa bayan sojojin Biyafara sun kutsa Jihar Tsakiyar Yamma, ta ƙwato Benin a Satumbar 1967, ta isa Asaba a Oktoba. Runduna ta Uku ta Benjamin Adekunle ta biyo ta ruwa: Bonny, Kalaba, Fatakwal a Mayun 1968, sannan Aba da Owerri a Satumba. A Mayun 1969 aka sauya kwamandojin dukan ukun, Obasanjo ya karɓi ta Uku. 'Yan Arewa suna cikin kowacce, don haka kada a ɗauka duk Bahaushe yana tare da Shuwa.

Akwai wurare uku da suka cinye mutane ba tare da barin gawar da za a yi wa rajista ba, kuma da yawan waɗanda aka ce "sun ɓata" a nan suka ɓata. Na farko shi ne ƙetaren Kogin Neja daga Asaba zuwa Anacha a Oktoban 1967. An karya gada, Murtala ya zaɓi ya ƙetare da jiragen ruwa duk da shawarar da Legas ta ba shi ta ya zagaya, aka gwada har sau uku ba a yi nasara ba. Waɗanda harsashi bai same su ba, ruwa ya tafi da su, da yawansu samarin da ba su taɓa iyo ba, ga kaya da bindiga a jiki. Sai da rundunar ta zagaya ta Idah kafin ta kama Anacha a Maris na 1968. Na biyu shi ne kwanton ɓaunar Abagana, ranar 31 ga Maris na 1968, a kan tsohuwar hanyar Inugu zuwa Anacha, inda harbin sojojin Biyafara ya samu tankar mai a cikin ayarin motocin sojojin tarayya wajen ɗari, wuta ta bi layin ta cinye. Na uku shi ne Owerri, inda aka yi wa Birged ta 16 ta Kanar Etuk ƙawanya na watanni, abinci sai ta jirgin sama, har suka fasa suka fita a Afrilun 1969. Wanda ya rasu a cikin ƙawanyar, a nan abokansa suka rufe shi, kuma garin ya koma hannun Biyafara bayan fitarsu.

Wanda bincikensa ya kai shi ɗaya daga cikin waɗannan uku ya kamata ya shirya zuciyarsa. Zai iya sanin rana, zai iya sanin wuri, amma kabari mai suna da wuya.

Abu mafi gaggawa a duk wannan aiki ba takarda ba ne, mutane ne. Yaron da ya shiga soja yana da shekara 18 a 1967 yanzu ya haura 75, kuma kowace shekara layinsu na ƙara gajarta. Ƙungiyar 'yan mazan jiya, wadda aka kafa a 1964, tana da ofisoshi a jihohi da ƙananan hukumomi, kuma a nan ake samun su, ko a unguwannin da ke kewaye da tsofaffin barikoki a Kaduna, Zariya, Kano da Jos. A je da goro da ladabi, a zauna ƙasa. Kada a fara da "Baba, ka san wane?", domin a cikin dubban ɗaruruwa amsar kusan kullum a'a ce, kuma hira ta mutu ke nan. A fara da shi kansa: Baba, wace bataliya kuka yi? Wa ye kwamandanku? Ina aka fara kai ku? Tsohon soja na iya manta abin da ya ci da safe, amma lambarsa da sunan samanjansa suna bakinsa. Idan ya ambaci bataliyar da ake nema, sai a fito da hoto. Idan ba ita ba ce, a tambaye shi wa ya sani da ya yi ta, domin sun san junansu ta wurin tantance 'yan fansho. A nemi izininsa a naɗi muryarsa a waya. A kuma lura da fuskarsa: akwai abin da mutum ya shekara hamsin bai faɗa wa 'ya'yansa ba, idan ya yi shiru a bar shi, a dawo wani jiƙon.

Bayan an samu lamba ne zuwa ofis ke da amfani. Fayil ɗin ƙananan sojoji yana ofishin ajiye bayanan sojojin ƙasa da ke Lakwaja, na hafsoshi kuma yana hannun ofishin sakataren soja. Hukumar Fanshon Sojoji da ke Dutsen Alhaji a Abuja ita ce ke da alaƙa da abin da aka biya magada, kuma duk inda aka biya haƙƙin mamaci, akwai takardar da ta faɗi ranar da aka cire sunansa daga rajista da dalili. A rubuta takarda a hukumance, a sa lamba, suna, bataliya in an sani, da shaidar dangantaka, a ajiye kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa, ko da yake ta ware abin da ya shafi tsaro, kuma a ganina ranar mutuwar farabiti a 1968 ba sirrin tsaro ba ne da za a hana jikansa. Gidan ajiye takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna da Gidan Arewa suna da tsofaffin jaridu, New Nigerian da Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ba lallai a ga sunan mutum a ciki ba, amma za a ga inda kowace runduna take a kowane mako. Idan akwai zancen cewa an kama shi ne da rai, to ƙungiyar agaji ta Red Cross, wadda ta yi aiki a ɓangarorin biyu, tana da sashen neman waɗanda suka ɓata a Janeba, ana kuma rubuta musu.

Akwai wata ƙofa da mutane ke mantawa, kotun alƙali. A fiƙihun Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala, matar wanda ya ɓata takan kai ƙara, a yanka mata shekara huɗu bayan an gama bincike, sannan ta yi takaba ta wata huɗu da kwana goma, dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai ya kai shekarun da irinsa ba ya wuce su. Malamai sun yi wa wanda ya ɓata a fagen yaƙi hukunci na daban. Abin lura ga mai bincike shi ne, idan kakarsa ta sake aure ko an raba gado, akwai yiwuwar an tsaya gaban alƙali, an kawo shaida, an rubuta wanda ya ce ya ga mutuwar da inda ya ce ya gan ta. Tsohon rajistan kotun yankin na iya riƙe da sunan abokin da ya dawo da hular nan.

To ina ake binne su? Ya danganta da muƙami da kuma inda rai ya fita. Hafsa akan yi ƙoƙarin dawo da gawarsa baya. Chukwuma Kaduna Nzeogwu, wanda ya jagoranci kisan Sardauna a Janairun 1966, ya mutu yana yaƙi a ɓangaren Biyafara kusa da Nsukka a ƙarshen Yulin 1967, aka ɗauko gawarsa aka binne a maƙabartar sojoji ta Kaduna da faretin girmamawa. Kabarinsa sananne ne. Kurtun da ya faɗi a wannan dajin a wannan makon yana kare tutar Najeriya, mafi yawa a inda ya faɗi aka rufe shi, shi kaɗai ko tare da 'yan'uwansa a rami guda, abokai suka yi masa abin da ya sawwaƙa suka ci gaba. Wannan bambanci yana min ciwo, kuma ban ga dalilin ɓoye shi ba. Wanda ke da kyakkyawan zato na samun kabari shi ne wanda aka ji wa rauni aka kwaso shi zuwa asibiti a baya, a Inugu, Makurɗi, Kaduna, Benin, Fatakwal ko Legas, ya cika a can. Asibiti na da rajista, gari na da maƙabarta, kuma Musulmin da ya rasu a irin waɗannan garuruwa sau da yawa jama'ar Musulmin wurin ne ke yi masa sutura. Babbar maƙabartar sojoji ta Abuja kuwa an yi ta ne shekaru da yawa bayan yaƙin, kada a ɓata tafiya can.

Abin takaici shi ne, ya fi sauƙi a gano Bahaushen da ya mutu a Bama a 1944 da a gano ɗansa da ya mutu a Okigwe a 1968. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta sa sunayen mamatan yaƙin duniya na ɗaya da na biyu a intanet, da lamba da bataliya da inda aka rubuta sunan, har da na runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Aikinta bai shafi yaƙin basasarmu ba. Amurka ma da ta gama nata yaƙin basasar a 1865, ta tura ma'aikata suka bi filayen daga suka tattaro gawarwakin sojojin tarayya sama da 300,000 zuwa maƙabartun ƙasa, kuma ofishin da wata mai jinyar sojoji, Clara Barton, ta buɗe a Washington ya gano makomar mutum wajen 22,000 ta hanyar buga jerin sunaye da karɓar wasiƙun tsofaffin sojoji. Duk da haka kusan rabin waɗanda aka sake binnewa ba a san sunansu ba. Mu nan, da aka ce babu wanda ya yi nasara babu wanda aka ci da yaƙi, an zaɓi a rufe babin da sauri, kuma an rufe shi da sunayen a ciki. Kowace 15 ga Janairu ana ajiye furanni a gaban mutum-mutumin sojan da ba a san sunansa ba, alhali akwai dubban sunaye a fayil da za a iya kwafewa a sa inda kowa zai duba. Wannan aiki ne da rundunar soja za ta iya yi kafin gara da damina su gama da takardun.

Kada kuma a rufe ƙofar cewa bai mutu a yaƙin ba. Akwai waɗanda suka ajiye kaki suka ɓace cikin gari, akwai waɗanda aka sallama da rauni suka ji kunyar komawa gida, akwai waɗanda suka auri 'yan can suka zauna. Unguwanni irin su Ama Hausa a Owerri da Gariki a Inugu suna da sarakunan Hausawa da limamai da suka san tarihin waɗanda suka daɗe a cikinsu. Idan fayil ya nuna an sallami mutum a 1971 ko bayan haka, bincike ya canza fuska, kuma mai yiwuwa a ƙarshensa dangi za a samu.

Idan komai ya nuna gari guda, aka yanke shawarar zuwa, a tafi da sanin inda za a taka. Mutanen waɗannan garuruwa su ma suna da nasu ramukan. A Asaba, ranar 7 ga Oktoban 1967, sojojin tarayya sun harbe ɗaruruwan maza fararen hula a Ogbe-Osowa, kuma yunwar da ƙawanyar yaƙin ta jawo ta kashe jama'a da ƙiyasi ke kaiwa daga rabin miliyan zuwa sama da miliyan biyu, mafi yawa yara. Jikan sojan tarayya da ya iso yana neman kabarin kakansa yana magana ne da jikokin waɗannan. A bi ta hannun Sarkin Hausawan gari mafi kusa, shi zai haɗa mutum da basaraken wurin. A faɗi abin da ya kawo mutum ba tare da ado ba, a saurari nasu labarin har ƙarshe ko da ya yi ɗaci. Dattawan da suka koma gonakinsu a 1970 sun san inda ramukan sojoji suke, sun san filin makaranta ko gefen kwalbatin da ba a nomawa. Ba a zuwa da shebur. Gwajin ƙwayar halitta da wasu ke ambata yana buƙatar ƙashin da za a gwada, kuma tono ramin da ya haɗa mutane da yawa ba hurumin iyali ɗaya ba ne. A Musulunci ma babu tilas a kan haka: shahidan Uhudu a filin da suka faɗi aka binne su, biyu ko uku a kabari ɗaya, har Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa aka mayar da waɗanda danginsu suka ɗauka zuwa Madina. A yi addu'a a wurin da aka nuna, a ɗauki alamarsa a taswirar waya, a rubuta sunan dattijon da ya nuna da ranar da aka je. Da an dawo gida a rubuta komai a littafi guda, a rarrabe abin da takarda ta faɗa, abin da wanda ya gani da ido ya faɗa, da abin da aka yi ƙiyasi, a ba kowane ɗaki na zuriyar kwafi.